Magani na Shiga Baki, Huhu Ba Shi da Labari: Nazarin Lamarin Wani Dattijo da Inhela Mai Gari

## Asalin lamarin

Dattijon da wannan nazari ya shafa shekararsa 66. Tsohon direban babbar mota ne, ya yi kusan shekara 40 yana shan sigari, kwali guda a yini, kafin ya daina shekara biyu baya. Tarin asuba da kaki sun daɗe da zame masa jiki, shi dai a wurinsa tarin mashaya ne. Haki ne ya kai shi asibiti. Bene hawa ɗaya sai ya tsaya a tsakiya ya dafa bango, in ya fito wanka kuma sai ya zauna ya huta kafin ya iya sa riga.

Inhela, wato 'yar na'urar shaƙar magani zuwa huhu, ba baƙuwarsa ba ce. Tun shekara shida da suka wuce aka rubuta masa ta feshi, mai maganin salbutamol, wadda ake shaƙa idan ƙirji ya riƙe. Wanda ya koya masa ita ya koyar da kyau: a girgiza, a fitar da numfashi, a fara jan iska sannu a hankali sannan a danna, a ci gaba da ja ba gaggawa. Ya ƙware har hannunsa da numfashinsa kan yi aikin ba tare da ya yi tunani ba.

A watan Janairu aka yi masa gwajin hura iska da ake kira sifirometiri. Bayan an ba shi maganin buɗe hanyoyin iska, kashi 58 cikin ɗari ne kawai na iskar da yake iya hurowa ke fita a daƙiƙar farko. Ga mai irin tarihinsa, duk abin da ya gaza kashi 70 yana tabbatar da cutar toshewar hanyoyin iska ta dindindin, wadda likitoci ke taƙaita sunanta da COPD. Yawan iskar daƙiƙar farkon kuwa kashi 55 ne na abin da ake sa ran samu ga mai shekarunsa da tsayinsa, wato cutar tana matsakaicin mataki. Ba ta warkewa, sai dai a sassauta ta a rage mata gudu, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ta yi ajalin mutum miliyan 3.23 a shekarar 2019. An kuma cika masa takardar CAT, tambayoyi takwas kan tari, kaki, haki, barci, kuzari da makamantansu. Makinta daga 0 ne zuwa 40, yawan maki yawan wahala. Ya samu 22.

## Janairu zuwa Afrilu: inhelar farko

Likita ya rubuta masa maganin buɗe hanyoyin iska mai dogon aiki, sau ɗaya a rana, a inhelar Breezhaler. Garin magani ne a cikin kafso. Ana saka kafson a 'yar na'urar, a huda shi da maɓallai biyu da ke gefenta, a zuƙe garin. Salbutamol ya ci gaba da zama na gaggawa.

A tagar karɓar magani aka miƙo masa kwalin, ga layi a bayansa. Abin da ya riƙe cikin bayanin uku ne: kafso ɗaya kullum, ba a haɗiye shi, a cikin wannan abin ake sa shi. Takardar da ke cikin kwalin rubutunta mitsi-mitsi ne, ya ninke ta ya ajiye.

'Yarsa ce ke kula da magungunansa. Tana da akwatin roba mai gida bakwai da take jera masa maganin hawan jini duk ƙarshen mako. Don kada ya manta da sabon maganin, sai ta riƙa ɓare kafso bakwai daga ledarsu tana jerawa tare da sauran.

A watan Maris ciwon ya tashi, kaki ya yi kauri ya koma kore. Aka ba shi sitiroyid na haɗiya, maganin rage kumburi, miligiram 40 kullum na kwana biyar, da maganin ƙwayoyin cuta, ya samu sauƙi a gida. Da ya koma asibiti a Afrilu makin CAT 21 ne, yana kuma jawo salbutamol sau huɗu zuwa biyar a yini.

"Baba, kana shaƙar maganin kullum?"

"Ko rana ɗaya ban tsallake ba, likita."

"Ka dai iya amfani da abin ko?"

"Na iya."

Bai zo da inhelar ba, ba a kuma ce ya zo da ita ba.

## Afrilu zuwa Agusta: an ƙara magani

Tunda yana shaƙa kullum kuma ba sauƙi, aka ɗauka maganin ne ya yi masa kaɗan. Aka ƙara masa inhela ta biyu mai gari, Diskus, wadda a wasu ƙasashe ake kira Accuhaler, safe da yamma. Magani biyu ne a cikinta, wani mai buɗe hanyoyin iska da sitiroyid na shaƙa. Zagayayya ce, tana ɗauke da shaƙa 60, da 'yar taga mai lamba da ke raguwa da ɗaya duk lokacin da aka tura kunamarta. Na'urori uku ke nan a hannunsa, kowace da tata hanyar.

Mako shida da farawa muryarsa ta dishe, fararen tabo suka fito masa a harshe da cikin kumatu, har haɗiya na yi masa zafi. Ƙwayar kandida ce, wadda kan samu wurin yaɗo idan sitiroyid ya zauna a baki. Aka ba shi maganinta, aka ce ya riƙa kurkure baki yana tofarwa bayan kowace shaƙa. A wannan zuwan, na watan Yuni, ya zo da Diskus ɗin a aljihu. Likita ya duba lambar, ya lissafa kwanaki, lissafi ya fita daidai. Aka rubuta a fayil cewa yana bin ƙa'idar magani. Makin CAT 23.

Daga nan ya fara karaya. Ya ce wa 'yarsa, "Wannan abin anya ba iska ce kawai a ciki ba? Waccan in na fesa ina jin sanyinta a maƙogwaro, wannan shiru." Cikin watan Yuli ya soma tsallake ta yamma.

A tsakiyar Agusta numfashinsa ya sarƙe cikin dare. Aka ba shi gado na kwana huɗu, da iskar oksijin da maganin tururi ta na'urar nebulaiza. A ranar sallama aka haɗa shi da nas mai kula da masu ciwon huhu bayan mako biyu, aka kuma ce ya kwaso duk abin da yake shaƙa ya zo da shi.

## Farkon Satumba: ranar da aka ce ya gwada

Nas ɗin ba ta tambaye shi ko ya iya ba. Ta sa ya zube kayan a kan tebur, ta ja kujerarta gefe.

"Baba, yi yadda kake yi a gida. Ka ɗauka ba na nan."

Ya buɗe akwatin robar ya ɗauko kafso na ranar, ya ɗan yi laushi yana maƙale wa yatsa. Ya jefa shi a na'urar ya rufe, ya danna maɓallan gefe sau huɗu, "don ya huje sosai," in ji shi. Ya girgiza ta. Ya kai ta baki yatsunsa na danne da maɓallan, ya fitar da numfashi fuuu a cikinta, sannan ya ja iska a hankali cikin natsuwa, irin jan da aka koya masa shekara shida baya. Ba a ji ƙarar komai ba. Ya cire ta nan take ya ce, "Shi ke nan."

Nas ta buɗe na'urar, ta ɗaga kafson ta saitin haske. Kafson Breezhaler garai yake, ana ganin cikinsa. Ga farin garin nan kwance. Ta miƙa masa, ya juya shi ya sake juyawa, ya miƙa wa 'yarsa. Wata takwas yana jefar da kafso a kwandon shara bai taɓa duba cikinsa ba. Gani ya kori ji.

Diskus ma haka. Ya buɗe, ya tura kunamar ta yi ƙas, sai ya sauke hannu yana ba da labarin kwanciyarsa asibiti, bakin na'urar na kallon ƙasa. Ya girgiza, ya hura a ciki, ya ja a hankali. Da aka tambayi inda yake ajiye ta, ya ce a banɗaki kusa da buroshin haƙori, tun ranar da aka ce ya riƙa kurkure baki, don kada ya manta.

Kafin ta gyara masa komai sai da ta bayyana masa inda bambancin yake. Inhelar feshi tana da iskar gas da ke turo magani da ƙarfi, shi ya sa ake jan numfashi a hankali don kada feshin ya daki maƙogwaro ya tsaya nan. Mai gari ba ta da abin da ke turo komai, numfashin mutum ne injinta. Ƙwayoyin maganin ƙanana ne ƙwarai, sai waɗanda ba su wuce maikiromita 5 ba ne (maikiromita dubu ne milimita ɗaya) ke iya kaiwa ƙananan hanyoyin iska, kuma a yawancin na'urori an manna su ne a jikin ƙwayoyin laktos, sukarin madara, waɗanda suka fi su girma nesa ba kusa ba. Ƙarfin zuƙa ne ke kaɗa garin har maganin ya rabu da laktos ɗin ya wuce ciki. In zuƙar ta yi sanyi, garin ya zauna a na'urar, ko ya fito a dunƙule ya sauka a harshe da maƙogwaro. Ƙarfin kuma tun a farkon ja ake buƙatarsa, domin a wannan ɗan lokacin garin ke barin na'urar. Wanda ya fara a hankali ya ƙara ƙarfi daga baya ya makara. Hura numfashi a ciki kuwa ɓarna biyu yake yi, ya watsar da garin, ya kuma sa masa laima ya cure kamar gishirin da ya kwana a buɗe cikin damshi. Laimar banɗaki da ɓare kafso kwana bakwai kafin a yi amfani da shi duk can suka nufa.

Saura tambaya ɗaya: ƙarfin ne ba shi da shi, ko sabo ne? Akwai 'yar na'urar awo mai suna In-Check DIAL da ake saita ta daidai da taurin zuƙar kowace inhela, ta nuna lita nawa na iska mutum ke ja a minti. Ga yawancin inhela masu gari, ƙasa da lita 30 bai wadatar ba, lita 60 kuwa shi ne abin da aka fi so. Aka saita ta kan Diskus. Da jan da ya saba, 26. Da aka ce ya ja iya ƙarfinsa tun daga farko, 48, a gwaji na uku kuma 57.

## Gyaran da aka yi

Ba a sauya magani ko ɗaya ba. Likita da nas sun yarda a bar takardar yadda take na mako takwas a ga abin da gyaran hannu kaɗai zai haifar.

Nas ta gwada masa da na'urar koyo marar magani, sannan ta sa ya maimaita har sau uku yana faɗin abin da yake yi da bakinsa. Ya zauna a miƙe. Ya ɓare kafso daga leda a lokacin da zai shaƙa, da busasshen hannu. Ya danna maɓallan sau ɗaya tak ya sake su, domin yawan dannawa na iya farfasa kafson, riƙe su kuma na hana shi juyawa. Ba girgizawa. Ya kawar da kai gefe ya fitar da numfashi iya yadda zai iya ba tare da takura ba. Ya rufe leɓe ruf a bakin na'urar, ya ja da sauri da zurfi. A karo na biyu kafson ya yi ƙarrr a ciki, dattijon ya zaro ido, don bai taɓa jin wannan ƙarar ba. Ya cire na'urar, ya riƙe numfashi. Ana so ya kai daƙiƙa goma ko iya abin da ya sawwaƙa. A ranar huɗu ya iya. Sai ya buɗe ya duba kafson, in da sauran gari ya rufe ya sake ja ba tare da sabon huji ba.

Diskus kuma a riƙe ta a kwance daga lokacin da ta yi ƙas har a gama, a kurkure baki a tofar, a goge bakinta da busasshen ƙyalle, ruwa kada ya taɓa ta. Aka ɗauke ta daga banɗaki zuwa durowar ɗaki. An kuma gaya masa rashin jin komai a maƙogwaro ba ya nufin babu magani, ɗan zaƙin da wani lokaci ake ji kuma laktos ne, ba shaida ba ce cewa magani ya isa huhu. An tambaye shi ko madara na tayar masa da borin jiki mai tsanani, saboda laktos ɗin na iya zuwa da ɓurɓushin furotin na madara; ya ce a'a.

'Yar ta yi shiru tun da aka ɗaga kafson. Nas ta ce mata, "Akwatin nan ki ci gaba da shi don ƙwayoyin haɗiya. Kafson shaƙa dai a bar shi a ledarsa." Ta kuma bar ta ta ɗauki bidiyon babanta da waya yana yi daidai, don su riƙa dubawa a gida.

Mai karatu kada ya kwashi waɗannan matakai ya ɗora wa kowace inhela mai gari. Takardar HandiHaler, misali, cewa take a ja a hankali da zurfi, amma da ƙarfin da za a ji kafson na kaɗawa. Turbuhaler a tsaye ake riƙe ta yayin murɗa gindinta. Ellipta kuwa buɗe murfin ne ke ɗora magani, in aka buɗe aka rufe ba a shaƙa ba wannan shaƙar ta tafi. Abin da ya haɗa su duka shi ne ba a hura musu numfashi, ba sa son laima, ba a kuma maƙala musu kwalbar robar da ake sa wa inhelar feshi.

## Oktoba da Nuwamba

Bayan mako huɗu aka sake cewa ya gwada. Ya daina hurawa a ciki, ya daina girgizawa, amma jan ya koma sanyi, kafson na ƙara kaɗan-kaɗan. Da aka bi diddigi, ashe da safe yakan fara da salbutamol, sai numfashin ya zarce da salon feshi. Nas ta yanki farar filasta ta rubuta JA DA ƘARFI ta manna a kan masu gari biyun, ta rubuta A HANKALI ta manna a ta feshin. A ranar awonsa ya kai lita 66, alamar ƙirjin ya ƙara murmurewa daga ciwon Agusta.

A farkon Nuwamba, mako takwas cif, makin CAT ya sauko zuwa 16. A wannan ma'auni saukar maki 2 ma ana ɗaukarta canjin da majinyaci ke ji a jikinsa. Salbutamol ya koma kamar sau ɗaya a yini, wata rana babu. Murya ta dawo, tabon baki bai sake fitowa ba. Yana riƙe numfashi daƙiƙa takwas.

## Disamba zuwa Maris

Sai yanzu likita ya waiwayi takardar magani. Gwajin jini ya nuna ƙwayoyin iyosinofil, wani nau'in fararen ƙwayoyin jini, guda 80 a kowace maikirolita ta jini. Ga mai COPD da ba shi da tarihin asma, idan suka gaza 100 sitiroyid na shaƙa ba ya yin wani amfani sosai, ga shi yana ƙara haɗarin ciwon nimoniya. Likita ya janye Diskus, ya sauya kafson zuwa wanda ya haɗa magungunan buɗe hanya guda biyu masu dogon aiki, a na'urar Breezhaler ɗin da ya riga ya iya, sau ɗaya a rana. An yi masa rigakafin mura, a Janairu kuma ya shiga shirin motsa jiki na masu ciwon huhu na mako takwas.

A watan Maris makin CAT 13. Sifirometiri bai wani motsa ba, kashi 58 maimakon 55. Daga Satumba zuwa lokacin ciwon bai tashi ba har a nemi sitiroyid na haɗiya. Yana hawa benen ba tsayawa, ko da yake in ya kai sama sai ya yi haki.

## Hukunci

Maganin da aka rubuta a Janairun farko ba laifi gare shi, isa huhu ne bai yi ba. Abin da ya gaza shi ne hanyar bincike. Tambayar "ka iya?" ba ta da amfani a nan, don dattijon bai yi ƙarya ba, abin da ya sani ya faɗa. Lambar Diskus ma ta yaudari kowa, domin turin kunama take ƙirgawa, ba ta san inda garin ya sauka ba. Daga waɗannan shaidu biyu aka yanke cewa magani ya yi kaɗan, aka ƙara na'ura ta uku ga mutumin da ta biyu ma ba ta zauna masa ba, aka kuma jawo masa ciwon baki da sitiroyid ɗin da daga baya aka ga ba ya buƙata. Jagororin GOLD, wato ƙa'idojin kula da COPD da masana na duniya ke fitarwa, sun tanadi cewa a duba yadda majinyaci ke shaƙa da yadda yake bin ƙa'ida kafin a ƙara ko a sauya magani. An duba na biyun, an tsallake na farkon.

Ni a ganina abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne kusan kowane kuskure daga kyakkyawar niyya ya fito. Jan a hankali darasi ne da ya koya da kyau a wata na'urar, girgizawa ma haka. Akwatin 'yarsa don kada ya manta ne, banɗaki kuma don ya bi umarnin kurkure baki. Irin waɗannan ba sa fitowa a hira, sai an zuba ido.

Ba duk sauƙin ne za a jingina wa gyaran hannu ba. Wani ɓangare murmurewa ce daga ciwon Agusta, abin da ya biyo bayan Disamba kuma ya cakuɗe da sabon kafso da motsa jiki. Shaida mafi tsabta ita ce ta mako takwas ɗin nan da ba a sauya magani ba, maki ya sauko zuwa 16 daga 23 na watan Yuni, kafso kuma ya riƙa fitowa wayam. Komawarsa tsohon salo cikin mako huɗu ta nuna koyarwa sau ɗaya ba ta isa, rage yawan na'urori kuma ya taimaka wajen toshe wannan ƙofar.

Ya kuma yi sa'a ƙarfin yana nan. Da awon ya tsaya ƙasa da lita 30 duk da ƙoƙarinsa, kamar yadda kan faru ga wasu tsofaffi masu rauni ko masu cutar da ta yi nisa, da koyarwa ba za ta yi komai ba. Sai a sauya masa zuwa inhelar feshi da kwalbar roba, ko mai fitar da lallausan hazo irin Respimat, ko nebulaiza. Shi ya sa aka rubuta a fayil ɗinsa cewa ya riƙa zuwa da inhelarsa kowane zuwa ya gwada a gaban nas, a kuma sake auna ƙarfin zuƙarsa duk bayan tashin ciwo.